Kafin a Buɗe Ambulan

Masu turo mini saƙo kuna cewa in bi mutumin nan a hankali, wai ba a samun irinsa sau biyu, duk na gani, kuma ban ji haushinku ba. Ba ku san abin da ya faru daga Litinin zuwa Asabar ɗin nan ba ne. Ku karanta tukuna, in kun gama da sauran bakin magana sai ku sake ba ni shawara.

Ga waɗanda yau suka fara cin karo da ni, Auta ake kirana a gida. Shekarata ashirin da tara, kuma ni mataimakiyar mai bincike ce a sashen lafiyar al'umma na wata jami'a. Mutumin da ake cewa in bi a hankali shi ne shugabana a wurin aiki, shi ne kuma mai neman aurena. Kowa Dakta yake ce masa, har Umma. Dogo ne mai saje, rigarsa ba ta san yamutsewa ba, in ya wuce ta baranda turarensa sai ya tsaya gaisawa da mutane bayan shi ya daɗe da shigewa. An shirya manyansa za su zo su ga Abba ranar Asabar.

A wani taron bita na fara ganinsa, shekara biyu da rabi ke nan. Yana tsaye gaban allo, ya naɗe hannun riga, yana wanke manyan masu bincike tas, wasunsu ma suna zaune a sahun gaba.

"Mutum ya auna abu ashirin," in ji shi a ranar. "Goma sha tara su ƙi fitowa yadda yake so, ɗaya ya fito bisa sa'a. Sai ya tura sha taran cikin aljihun tebur ya kulle, ya kai ɗayan mujalla, ya ce ai dama shi ya fita nema. Likita ya karanta ya yarda, ya rubuta wa mara lafiya. Wa aka cuta?"

Ya ce maganin abin shi ne rajista. Tun kafin ka taɓa mutum ɗaya, ka shiga shafin da aka tanada ka rubuta abin da za ka auna, mutum nawa, tsawon wane lokaci, da irin lissafin da za ka yi. Shafin ya buga kwanan wata ya rufe, duniya na gani. In sakamako ya yi maka daɗi ka buga, in ya yi maka ɗaci ma ka buga, ba ka da hanyar da za ka dawo ka ce ba haka ka nufa ba. Ina zaune a baya da littafina, na ji a raina cewa yau na ga namiji mai tsoron Allah. A nan na faɗa, ba zan ɓoye muku ba. Ba sajen ba ne, ba motar ba ce, wannan maganar ce ta kama ni.

Shi kuwa yana da wani gari na ganye da ya shekara shida yana haɗawa, ya hakikance yana ƙara wa mata jini. Da lokacin gwada shi ya yi, ni ya zaɓa in taimaka masa. Mata ɗari biyu masu ƙarancin jini mara tsanani muka ɗauka a wani ƙaramin asibiti. Rabi aka ba su garin gaske, rabi aka ba su wani mai kala ɗaya da ɗanɗano ɗaya amma ba komai a cikinsa. Ni da shi da matan duk ba wanda ya san wa ke shan wanne. Wannan sirrin yana cikin ambulan a durowar Anti Lissafi, dattijuwar da ke mana ƙididdiga, mai gilashi da igiya a wuya, wadda ko gaisuwa ba ta tsawaitawa.

Ni na buga rajistar da hannuna. Da sunana aka buɗe shafin, da imel ɗina da lambar wayata, don ya ce shi ba shi da lokacin bin saƙonni. Yana zagaye ofis yana faɗa, ina rubutawa.

"Rubuta, yawan jini a mako na goma sha biyu. Shi kaɗai. In ya hau garin ya yi aiki, in bai hau ba mu tattara mu koma gida."

Na ce, "Dakta, tunda muna tambayarsu jiri da kasala da barci, ko mu saka su a ciki?"

Ya yi dariya har da dafa tebur. "Jiri? Ki ba mace ruwan sanyi ki yi mata murmushi, ki tambaye ta, za ta ce jiri ya ragu. Jini nake so, 'yar ƙididdigata, jini ba ya yi wa kowa kara."

Wata tara na yi ina sintiri a asibitin nan. Na san bencin da ƙafarsa ke rawa, na san matar da ba ta yarda a soka mata allura sai an riƙe mata hannu, na san wadda ke zuwa da zare da allura tana yi wa rigar 'yarta kalmasa kafin layi ya iso kanta. Ita ce ta taɓa ce mini, "'Yata, in garin nan ya yi, na huta da ƙwayoyin nan masu murɗa ciki." Na ce mata za mu gani, in ya yi za mu faɗa, in bai yi ba ma za mu faɗa. Da bakina na faɗa mata haka.

Ranar Litinin da ƙarfe goma aka buɗe ambulan. Anti Lissafi ta juya bayan ambulan ɗin ta rubuta kwanan wata da lokaci, mu uku muka sa hannu, sannan ta yage bakin. Ta shigar da lambobin a kwamfuta, fanka na ta ƙugi a samanmu, Dakta yana tsaye a bayanta yana kaɗa makullin mota. Ba a yi minti ashirin ba ta cire gilashinta ta bar shi ya faɗa kan ƙirjinta.

"Babu," ta ce. "Masu shan garin da masu shan na banza, jininsu tashi ɗaya ya yi."

"Sake lissafawa."

"Sau uku na yi."

Makullin ya daina ƙara. Ya juya ya fita. Wallahi tausayinsa ya kama ni har sai da idona ya cika. Shekara shida ba wasa ba ce, ga kwamitin ƙarin girma zai zauna wata mai zuwa, kuma kowa a sashen ya san da takardar garin nan yake sa ran zama farfesa. Na tura masa saƙo na ce, "Allah bai yi ba, amma mun yi aiki mai tsabta, ina alfahari da kai." Ya buɗe, bai ba ni amsa ba. Talata ma haka, ko ƙeyarsa ban gani ba.

Laraba da safe ya aiko a kira ni. Na same shi fes, farar riga mai guga, ga shayi kofi biyu a kan tebur, har da irin biskit ɗin da nake so. Tun daga nan na sha jinin jikina, don Dakta ba ya saya wa mutum biskit haka kawai.

"Zauna, ranki ya daɗe. Albishirinki."

Ya juyo mini da kwamfutarsa. Kwana biyu ya yi yana yanka bayanan matan nan gunduwa-gunduwa, manya da ƙanana, masu aure da marasa aure, masu 'ya'ya da marasa 'ya'ya, ya gwada kasala, ya gwada barci, ya gwada cin abinci. A can ƙasa ya ja layi ja a ƙarƙashin abu ɗaya. A cikin matan da ba su kai shekara ashirin da biyar ba, masu shan garin sun fi cewa jiri ya ragu.

"Kin gani? Garin yana aiki. Mu ne muka auna abin da bai dace ba."

Na ce, "Yanka nawa ka yi kafin wannan ya fito?"

"Wannan ba shi ne muhimmi ba."

"Nawa ne, Dakta?"

Ya kurɓi shayi. "Talatin da wani abu."

Ya buɗe wani shafin, shafin rajistarmu, inda ake neman gyara. An yarda mai bincike ya canza tsarinsa, amma sai ya rubuta dalili, kuma a ƙasan takardar akwai tambaya ɗaya da akwati biyu: Shin an yanke shawarar wannan canji kafin a ga sakamako? Eh, ko A'a. A ƙarƙashinta sai sunan mai riƙe da shafin, wato ni.

"Za ki mayar da babban abin da muke aunawa ya zama jiri a ƙananan mata. Ki ce tun watan jiya muka yanke, aiki ne ya sha kanmu ba mu shigar ba. Ki danna Eh. Shi ke nan, ko minti biyu ba za ki yi ba."

"Ambulan fa? Da sa hannunmu a bayanta, da kwanan wata."

"Takarda ce, takardu kuwa suna ɓata a ofis kullum. Anti Lissafi saura wata huɗu ta yi ritaya, ba ta neman rigima."

Na ce masa akwai hanya mai kyau. Mu rubuta gaskiya, jini bai hau ba, sannan a ƙarshe mu ce mun lura da maganar jiri bayan mun ga sakamako, ya kamata wani ya gwada ta daban. Ba wanda zai zarge mu da haka, kuma in abin gaske ne zai sake fitowa.

"Mun lura!" Ya maimaita yana kwaikwayon muryata. "Wa kika taɓa ji an ba shi kujerar farfesa da mun lura? Wa zai karanta takardar da ta ce babu?"

"Kai ka ce a ba mace ruwan sanyi za ta ce jiri ya ragu."

Fuskarsa ta canza nan take, kamar bai taɓa dariya ba a duniya. "Ni za ki karanta wa darasina? Ke da na tsamo daga bayan aji, ko jadawali ba ki iya haɗawa ba? Duk abin da kika sani a aikin nan daga bakina kika ji shi."

"Shi ya sa ba zan danna ba."

"To ki saurara. Matar da ba za ta rufa wa mijinta asiri a kan akwati ɗaya ba, ban ga abin da za ta rufa masa a cikin gida ba. Ki yi tunani kafin Asabar."

Na miƙe, na gyara mayafina, na ce masa ya ci biskit ɗinsa. A baranda ban yarda na waiwaya ba. Na shiga banɗakin mata na kulle, na yi kukan da ban san ko na baƙin ciki ne ko na haushi ba.

Ban iso gida ba maganar ta riga ni. Ina cire takalmi a bakin falo na ji muryar Yaya, babbar yayata, wadda ba ta zuwa gidanmu a tsakiyar mako sai da dalili. Tana zaune kan doguwar kujera ta baje sababbin labulen da Umma ta sayo saboda baƙin Asabar, masu ruwan zuma da ratsin zinare. Umma na tsaye da ƙarfen labule a hannu. Ko amsa sallamata ba su gama yi ba.

"Ke me ke damunki ne?" in ji Umma. "Bawan Allah ya kira ni murya na rawa. Babban mutum kamar wannan ki sa shi yana kai ƙara wurin uwarki?"

"Me ya ce miki na yi?"

"Ya ce kuskure aka yi wajen cike takarda, ya ce ki gyara, kin tsaya kina yi masa rashin kunya."

"Ba kuskure ba ne, Umma. So yake in rubuta cewa mun yi abu a watan jiya, alhali yau aka kawo maganar. Ƙarya ce, kuma sunana ne a ƙasa, ba nasa ba."

Yaya ta yi tsaki ta jefar da labulen. "Ji mini yarinya! Watan jiya da yau, wa ya mutu a tsakani? Ke kaɗai ce mai gaskiya a duniya? Ni da kike gani, sau nawa nake cewa babansu yara ba ya gida alhali yana ɗaki a kwance? Shi aure haka ake yinsa."

"Yaya, naki mai sallama ne zai koma ya dawo gobe. Wannan in aka buga, likitoci za su karanta su ce wa mata su sha garin. Wata za ta ajiye ƙwayarta ta kama shan abin da ba ya ƙara mata ko ɗigo."

"Sai aka ce miki ke za a tambaya?"

"Ni na yi musu alkawari."

"Alkawari!" Yaya ta tafa hannu. "Umma kin ji, matan asibiti ta yi wa alkawari. To su za su aure ki? Shekara ashirin da tara, ƙawayenki har sun fara kai yara makaranta, ke kina nan kina auna jinin mutane. Wancan kin ce ba ya karatu, wancan kin ce yana yi wa direba tsawa. Yanzu an samu mai karatun, shi ma kin nemo masa laifi da fitila."

Maganar ta soke ni, don ta san inda za ta taɓa. Na dubi Umma ko za ta tsawatar, sai na ga ita ma idonta ya kawo ruwa.

"Na riga na faɗa wa dangi, Auta," ta ce a hankali. "Gwaggonki har ta ɗinka kaya. Da wane ido zan dube su in ce an fasa saboda akwati a kwamfuta? Ki rufa mini asiri, ko don ni."

Abba yana ɗakinsa, rediyonsa na kunne. Na san yana ji, ya kuma san na sani. Shi mutum ne da ba ya shiga maganar mata sai ta kai ga an fasa kwano, kuma a wannan yammacin ba a fasa ba. Na kwashi jakata na shige ɗaki.

Alhamis saƙonni suka yi ta shigowa kamar an ɓalle famfo. Da safe ya rubuto, "Kin yi tunani?" Da hantsi, "Kar ki manta ni zan sa hannu a takardar sabunta aikinki." Da azahar, "Na yi da-na-sanin amincewa da ke." Na karanta duka ina zaune a teburina, ofishinsa kuwa taku goma ne daga nawa, amma bai iya tako su ba. Amsa ɗaya na ba shi: "Zan shigar da maganar jiri yau in kana so, amma A'a zan danna." Ya turo mini hoton babban yatsa. Ban taɓa sanin yatsa zai iya zagin mutum ba sai ranar.

Sai ga Juma'a ta zo da wani abu daban. Wajen ƙarfe huɗu na yamma ina cikin motar haya saƙonsa ya shigo, dogo.

"Auta, na zauna na yi wa kaina faɗa. Ke ce da gaskiya. Tsoro ne ya rufe mini ido. Na janye maganar, ba zan sake tambayarki ki danna komai ba. Ki yafe mini. Gobe ki saka mayafin nan mai ruwan toka."

Masu karatu, kar ku yi mini dariya. Sau bakwai na karanta shi. Na rufe fuska da mayafi a cikin mota ina hawaye, matar da ke kusa da ni har ta tambaye ni ko rasuwa aka yi. Na ce a raina, ai dama na sani, mutumin da na gani a gaban allo yana nan bai mutu ba, firgita kawai ya yi. Ina isa gida na rungume Umma na nuna mata. Ta ce alhamdu lillahi, amma ba ta dube ni ba, ta ci gaba da goge kofunan gilashi. Na jona wayata a caji a ɗakinta don soket ɗin ɗakina ya lalace, na shiga wanka na wanke kai, na ɗauki lokacina ina 'yar waƙa. Da na fito na goge mayafi mai ruwan toka da doguwar rigata mai duwatsu a wuya, na rataye su a jikin ƙofa.

Asabar gidan ya tashi da ƙamshi da hayaniya. An rataye labule, an shimfiɗa sabon kafet, Yaya ta iso tun da sassafe tana ba kowa umarni. Ƙarfe sha ɗaya aka ce za su zo. Sha ɗaya saura kwata ina gaban madubi, na saka rigar, na ɗaura ɗankwali, ina zana gira ɗaya, wayata ta yi ƙara. Na ɗauka shi ne. Imel ne daga shafin rajista.

"An karɓi gyaran da kika shigar jiya da ƙarfe shida da minti goma sha biyu na yamma, kuma yanzu yana bayyane ga kowa."

Na buɗe. Babban abin aunawa: jiri a matan da ba su kai ashirin da biyar ba. Dalili: an yanke tun watan jiya, ba a samu damar shigarwa ba. Shin kafin a ga sakamako? Eh. A ƙasa ga sunana, cikakke, har da na Abba.

Na gwada shiga shafin, ya ce kalmar sirrina ba daidai ba ce. Na sake, haka. An canza ta. Kuma na san ba a canza ta sai da lambar da ake turowa a wayata. Na duba saƙonni, babu komai. Ƙarfe shida da minti sha biyu kuwa na san inda nake, kaina cike da kumfa, ina waƙa.

Na fita da gira ɗaya a zane. Na samu Umma a kicin ita kaɗai tana jera kofuna a faranti. Ta sha leshinta mai ruwan goro, ta yi kyau abinta.

"Umma, jiya da nake wanka, wa ya taɓa wayata?"

Hannunta ya tsaya a kan kofi.

"Umma."

"Dakta ne ya kira a tawa," ta ce, ba ta juyo ba. "Ya ce wata lamba za ta shigo wayarki, in karanta masa. Ya ce ya ga abin ya yi miki nauyi, shi zai ɗauke miki, ke ba ki yi ba balle ki ji kin yi laifi. Ya ce in goge saƙon kar hankalinki ya tashi."

"Kika karanta masa."

"Lamba shida ce kawai, Auta."

"Da sunana ya yi, Umma! Duk wanda ya buɗe shafin nan ni zai gani na yi ƙarya. Ranar da ambulan ta fito ni za a kora, ni za a hana aikin bincike har abada, shi ya ce bai san komai ba."

"Ba zai yi miki haka ba, mijinki ne."

"Ya riga ya yi!"

Ta juyo, fuskarta a murtuke, hawaye na bin hodar. "To na yi! Na yi don in ga kin zauna a ɗakinki kafin in mutu. In laifi ne ki kai ni ƙara. Tunda ke ba ki da uwa sai takarda."

Ban taɓa jin na tsani kowa ba kamar yadda na tsani Dakta a wannan lokacin. Bai tsaya a kaina ba, sai da ya bi ta kan matar da ko imel ba ta san yadda ake buɗewa ba, ya sa ta cuci 'yarta tana ganin taimako take yi. Umma kuma ban san me zan yi da ita ba. Ina so in yi mata ihu, ina so in goge mata hodar da ta ɓaci.

Hon ɗin mota ya yi ƙara a bakin get. Yaya ta leƙo kicin da gudu. "Sun iso! Mota biyu, shi ma yana ciki. Ke, wace irin fuska ce wannan? Je ki ƙarasa girar nan, don Allah kar ki ba mu kunya."

Na koma ɗaki na tura ƙofa. Ina jin buɗe get, ina jin sallamar manyan maza, da muryar Abba yana yi musu maraba, da tasa muryar a cikinsu, mai laushi, cike da ladabi. Na zauna a bakin gado na sake buɗe imel ɗin. A can ƙasa da ƙananan haruffa an rubuta: "Idan ba ke kika shigar da wannan gyara ba, sanar da mu a nan. Za a aika kwafin rahotonki nan take ga duk masu binciken da kwamitin ɗa'a na jami'arku."

Na danna. Tambaya uku ce. Ta farko, ke kika yi gyaran? Na ce a'a. Ta biyu, abin da aka rubuta gaskiya ne? Na rubuta cewa ba gaskiya ba ne, ranar Litinin da ƙarfe goma aka buɗe ambulan, ranar Laraba aka kawo maganar jiri, jini kuwa bai hau ba. Yatsuna ba su yi gardama ba sai a ta uku: Wa ya shiga shafinki, kuma ta yaya ya samu lambar sirri?

Na rubuta sunansa da muƙaminsa. Na tsaya. Ta cikin bango ina jin ƙarar kofuna, Umma ta ɗauki faranti za ta kai falo. Zan iya cewa ban san yadda ya samu ba, ba wanda zai kama ni. Amma in na faɗi haka na yi abin da na ƙi yi masa tun Laraba, kuma za su ce ni na ba shi.

Na rubuta, "Mahaifiyata ce ta karanta masa. Ba ta san abin da zai yi da ita ba." Hawaye ya ɗiga a kan gilashin wayar, na goge da bakin mayafi, na tura.

Falonmu da ɗakina bango ɗaya ne. Ban ƙirga zuwa goma ba na ji wayarsa ta yi ƙara a tsakiyar gaisuwa. Ya ce, "Ku gafarce ni," sai muryarsa ta ɗauke. Wani daga cikin manyan ya yi gyaran murya ya ce, "Lafiya dai, Dakta?"

Abba ne ya ɗaga murya, a karon farko cikin makon nan.

"Auta! Zo nan. Ki taho da wayarki."